Amshin Mista Tuggle

Ina tsaka da soya kifi aka hau dukan ƙofata ta baya, irin dukan wanda gidansa ya kama da wuta. Na sauke kaskon ina masifa, na buɗe, sai ga Mista Tuggle tsaye da rigar barci da silifas, ƙahonsa a hannu, sanyin Nuwamba yana kaɗa masa ƙafafun wando.

"Mis Ozella," ya ce, "Lucius bai shigo ba."

"Wane Lucius kuma? Kai dai shigo, kar sanyi ya ƙarasa ka a ƙofata a ce ni ce."

Ya shigo ya zauna a kujerar kicin, ya ɗora ƙahon a cinya. Tarambon ne, irin mai zugen nan da ake ja ana turawa, ya tsufa har jan ƙarfen ya fito a inda hannu yake kamawa. Na zuba masa kofi, bai ko kalle shi ba.

Ni da Elbert Tuggle gida ɗaya muke, an tsaga shi biyu, a gabas da titin Troost nan Kansas City, kuma bangon da ke tsakaninmu in ya yi atishawa sai na ce masa sannu. Tun da ya tare, kullum bayan karin kumallo sai ya ɗauki ƙahon nan. Ba fa waƙa yake busawa ba. Zai yi bu-bu-baaa, sai shiru. Ka ɗauka ya gama, har ka fara gode wa Allah, sai ka sake jin bu-bu-baaa. Marigayi mijina Roscoe cewa yake yi kamar saniya ce ta ɓata tana tambayar hanya. Ni kuwa na karya tsintsiya ta fi ɗaya a jikin bangon nan, kuma ban taɓa tambayarsa me yake busawa ba, don ban ɗauka wani abu ba ne.

"To, ina jin ka," na ce. "Wa ye Lucius, kuma me ya hana shi shigowa?"

"Lucius Fenner. Shi ne mai ƙahon gaba a tawagarmu, tawagar makaɗan Jasper Quarles. Ya mutu tun kafin ki san ni."

"Ka ji mini tsoho! Mamaci ne kake jira ya shigo?"

"Kullum yana shigowa." Ya nuna goshinsa da yatsa. "Duk suna shigowa, mu goma sha huɗu. Ganga ta fara, masu saksafon su yi shimfiɗa, Lucius ya miƙe ya yi kira, mu 'yan tarambon mu amsa. Abin da kike ji ta bango amshina ne. Shirun da kike ji, a nan Lucius yake busawa. Yau na tsaya ina jira, wurinsa yana nan, tsawonsa yana nan, amma babu kowa a ciki."

Kifina ya huce a kasko. Na ja kujera na zauna, don muryarsa ba ta wasa ba ce, kuma ni ce na kai shi asibiti a watan da ya wuce, na ji da kunnena abin da likita ya ce game da huhunsa. Ba a sa ran zai ga ganye ya sake fitowa a bishiya.

"Waƙar ba a rubuce take ba?" na ce.

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Rubutu? Rabinmu ba su iya karanta rubutun kiɗa ba, rabin da suka iya kuma ɓoyewa suke yi don kar a ce musu 'yan iyayi. A bayan mota ake haɗa waƙa, tsakanin wannan gari da wancan. Lucius ya ƙirƙiro kira, kowane layi ya nemo abin da zai dace, kowa ya riƙe nasa a kai. Ban taɓa busa na Lucius ba, shi ma bai taɓa busa nawa ba. Me zai yi da shi?"

"Faifai fa?"

"An sa mana ranar ɗauka. Yaƙin duniya ya riga ta zuwa, ya kwashe mana rabin mutane."

Ya ce sauran waƙoƙinsu sun daɗe da zubewa, ɗaya bayan ɗaya, bai kuma tayar da hankalinsa ba, don wannan tana nan. Sunanta Takalmin Lucius, saboda ranar da aka haɗa ta an sace wa Lucius takalmi a wani masauki a Oklahoma, ya hau dandamali da safa. Da ita suke rufe taro a ko'ina.

Sai ya ɗago ya kafe ni da ido. "Ke fa 'yar garin nan ce. Ba kya zuwa zauren saman nan na titin Vine, wanda ke kan shagon kujeru?"

Kai, Allah sarki! Wace yarinya ce a zamanina ba ta je ba? Ina 'yar shekara goma sha takwas ina aikatau a gidan wasu turawa can kudu da gari, kuma Alhamis ce ranar hutun 'yan aiki. Duk Alhamis sai mu gasa gashinmu da matajin ƙarfe, mu ari jan bakin juna, mu hau matattakalar nan mai ƙara. Tun daga ƙasa kake jin su a tafin ƙafarka. In ka shiga, ga su nan jere layi uku da fararen kwat, ƙarafa suna walƙiya, mai ganga a sama yana murmushi kamar shi ya biya wa kowa kuɗin shiga. Za su fara a hankali, su lallaɓa ka, sai ka ga layin baya sun miƙe gaba ɗaya sun ɗaga bakunan ƙaho sama, iskar ta doke ka a ƙirji. Duk wulaƙancin da matar gida ta yi maka a mako, duk "ke yarinya" da "shigo ta ƙofar baya," iskar nan sai ta kwashe su. Daɓen katakon yana lotsawa yana ɗagowa da mu ɗari uku a kansa. Ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba, har a coci, Ubangiji ya yafe mini. Yaran yanzu da suke tsalle a gaban mutum ɗaya mai juya faifai, tausayinsu nake ji.

"Na je," na ce. "Ban tsallake Alhamis ba sai in ina kwance."

"Shekara biyu mu ne muke kaɗa Alhamis a zauren. Kin ji ta ke nan, Mis Ozella. Kin ji ta ya fi a ƙirga." Ya matso har ƙahon ya bugi teburin. "Rera mini. Ko farkonta kawai, sauran zai biyo baya."

Na rufe ido, na yi iya ƙoƙarina. Na ga takalman Roscoe masu fari da ruwan ƙasa. Na ji tafin hannunsa a bayana, jiƙe da gumi. Na tuna har da ƙanshin man gashinsa. Amma waƙar rufewa, lokacin da kowace yarinya take lissafin wa zai raka ta gida? Ni rawa na je yi, ba sauraro ba. Na dai buɗe baki na rera abin da ya zo.

Ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan ai waƙar karɓar baikon kuɗi ce ta cocinku."

"To ka rera da kanka, tunda ka iya!"

"Sake yi," ya ce. Na sake, ya ɗaga ƙahon ya busa amshinsa a kai, a hankali, sai ga shi ya zauna daram kamar don ita aka yi shi. Na yi tsalle zan ce mun samu, ya girgiza kai. "Kin ga abin haushin? Amshin nan kamar hular ulu yake, duk kan da aka sa masa sai ya zauna. Sai wanda ya san kan ne zai ce wannan ne ko ba shi ba. Ni in na ji zan gane. Fito da ita ne ba na iyawa."

Daga ranar muka shiga neman abin da ba mu san inda ya faɗi ba. Ya fito da tsofaffin faya-fayan wasu tawagogi ya yi ta juyawa, ko wani ya taɓa jin su ya sata. Yakan zauna gaban garmahon ya rufe ido, ya ce mini, "Ji layin saksafon ɗin nan, mutum biyar suna numfashi da huhu ɗaya. Ji yadda mai ganga ya ɗauke su kamar ƙwai." Fuskarsa ta saki, ya yi ta kaɗa ƙafa, sai faifan ya ƙare ya ce ba ta ciki. Na bi tsofaffin ƙawayena na coci ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta tuna zauren, ta tuna rigar da ta sa, wata ma ta tuna safar Lucius. Waƙa kuwa, kowacce da tata, kuma duk ba ita ba ce.

Da safe ina jin sa ta bango yana gwadawa. Shirun ya riƙa tsawo, busar tana gajarta. Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah ya kawo mini ƙarshen ƙahon nan, sai ga ni tsaye da kofi a hannu ina jiran in ji shi.

Ana gobe bikin godiya na ƙarshen Nuwamba ya ce mini, "Saura Purvis."

"Wa ye Purvis?"

"Purvis Odom, mai gangarmu. Yana gidan tsofaffi a ƙetaren kogi. Ni da shi ne muka rage."

"Haba Mista Tuggle! Akwai wanda ya rage shi ne ka bar ni ina yawo gida-gida kamar mai tallar sabulu?"

"Mai ganga ne," ya ce, kamar wannan ya isa bayani.

Na tayar da tsohuwar motar Roscoe, na naɗe shi da bargo, na ɗauki fanken dankali da na gasa don kar mu je hannu rabbana. Muka samu Purvis a bakin taga a keken guragu, ciwon suga ya cinye masa ƙafa ɗaya, ɗan ƙaramin tsoho mai manyan hannuwa. Yana hango mu ya ware murya.

"Wa nake gani kamar Leɓe? Ashe ba ka mutu ba! Ni da na sa an yi maka addu'a tun bara."

"Ina zan mutu in bar ka, Gaggawa? Kai ne kullum kake rigan kowa isa ƙarshen waƙa."

"Ku ne kuke jan ƙafa! Wannan kyakkyawar fa? Kar ka ce mini da wannan fuskar ka samu mata."

"Maƙwabciyarsa ce," na ce, "kuma ka kama bakinka, in ba haka ba in koma da fankena."

"Ajiye nan, 'yar'uwa, kar ma'aikaciyar nan ta gani. Sun hana ni duk abin da ke da daɗi."

Suka zagi juna son ransu, suka lissafa matattu. Wane zuciya, wane kwalba, wane ya koma wa'azi a Texas ya mutu a kan mumbari. Sannan Mista Tuggle ya gaya masa abin da ya kawo mu. Purvis ya daina dariya. Ya jawo tiren abincinsa, ya ɗauki cokali biyu, ya gyara zama.

Na rantse muku, cokali biyu ne da tiren roba, amma gashin jikina sai da ya tashi. Ita ce tafiyar nan mai lilo, mai ɗan jinkiri kamar mai taku da sabon takalmi, wadda take sa ƙugu ya motsa kafin kai ya ba shi izini. Ƙafarsa ɗaya tana dukan matakin keken. An hana busa ƙaho a gidan, don haka Mista Tuggle da baki ya yi nasa, hannunsa yana ja yana turawa a iska. Ko sau ɗaya ba su saɓa ba. Inda ya kamata ya shigo ya shigo, inda ya kamata ganga ta yi tsawa ta yi. Wata tsohuwa da ke barci a kujera ta farka tana tafi. Suka kai ƙarshe tare, Purvis ya doki kofin ruwa, suka fashe da dariya har Mista Tuggle ya shaƙe.

Da ya samu numfashi ya ce, "To yanzu rera mini na Lucius."

Purvis ya buɗe baki ya yi wata ƙara, murya ɗaya ba hawa ba sauka, kamar tsohon firji.

"Kar ka yi mini wasa, Purvis."

"Wasa? Ka manta Jasper ya hana ni ko waƙar murnar haihuwa? Ni kunnena ba ya riƙe hawa da sauka, Leɓe, ka sani tun muna yara."

"Shekara nawa kana zaune a bayansa! Ba ka ji abin da yake busawa ba?"

"Kafaɗarsa nake kallo. In ta ɗaga, na san zai shiga. In ta sauka, na san ya gama, in buɗe muku hanya. Abin da ke tsakani naku ne, ba nawa ba." Ya ajiye cokulan a hankali. "Na ɗauka kai ne ka riƙe mana ita."

Ma'aikaciyar ta zo ta ga fanken ta ɗauke, ko kallonta ba su yi ba. Da za mu tafi Purvis ya riƙe hannun abokinsa ya ce, "Ka dawo, ka ji? Kar ka yi mini gaggawa, wannan aikina ne." Mista Tuggle ya ce to.

A hanyar dawowa ya ce in bi ta Vine. Na ce masa babu abin gani, ya ce ya sani. Inda shagon kujeru yake da zauren a samansa yanzu fili ne na ajiye motoci, kuma ko motocin babu, sai ciyawa da fasassun kwalabe. Na tsaya, ya sauke gilashi ya daɗe yana kallon sama, daidai inda bene na biyu yake a da.

"Baki goma sha huɗu," ya ce. "Bayan yaƙi wa zai ciyar da baki goma sha huɗu, alhali mutum huɗu za su iya cika masa mashaya? Na shiga gidan waya ina rarraba wasiƙu, ban yi kuka ba. Na ce ai suna nan tare da ni, ba wanda zai iya rushe wannan." Ya ɗaga gilashin. "Mu tafi, Mis Ozella, ina jin sanyi."

Bai sake busa ƙahon ba. Kafin Kirsimeti ya kasa sauka daga gado. 'Yar ƙanwarsa da ke Omaha tana bugo waya, tana cewa za ta zo in an buɗe hanya, dusar ƙanƙara kuma ta ƙi tsayawa. Ya ƙi komawa asibiti. Ni nake shiga in ba shi romon kaza da burodin masara da na jiƙa a madara, in juya shi, in wanke shi, yana cewa, "Da Roscoe ya ga wannan, da ya taso." Nakan ce masa Roscoe ya ga abin da ya fi wannan muni a madubi. Ina fita kuma sai in tsaya a baranda in yi kukana, don raina ya ɓaci da kaina. Waƙar nan ta shiga kunnena sau ba adadi, tana wani lungu a cikin kaina, mutum yana mutuwa saboda ita a gabana, na kasa miƙa masa.

Ranar ƙarshe da rana tsaka ce, hasken ƙanƙara ya cika ɗakin. Numfashinsa yana fita da ƙara. Ƙahon yana jingine a kujera inda zai iya ganinsa. Na ɗauka barci yake yi, sai na ji ya ce, "Mis Ozella."

"Ina nan."

"Yi mini kira."

"Ka san ban iya ba, Mista Tuggle."

"Kowane iri. Na gaji da jira."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, don na san ya haƙura ke nan. Na zauna a bakin gadon na rera abin da ya zo bakina, wani abu da ba shi da kai ba shi da gindi. Da na tsaya, hannunsa na dama ya motsa a kan bargo, ya ja, ya tura, leɓunansa suka yi bu-bu-baaa, iska kawai ba murya.

"Ita ce?" na ce, don zuciya ba ta da wayo.

"A'a. Amma kin shigo kan lokaci. Sake."

Na sake, ya amsa. Na canza wata, ya amsa. Na rera ta baiko, na rera ta tallar sabulu a rediyo, na rera abin da uwata take yi in tana wanki, duk yana amsawa, idonsa a rufe, goshinsa a tattare kamar mai leƙen fuskoki a tashar jirgi. Maƙogwarona ya bushe ban tsaya ba. Can na yi wani kiran, na jira. Na ƙara jira. Hannun yana nan a kan bargo, a miƙe, inda ya tura shi.

Na rufe masa ido, na kira fasto, na kira Omaha.

Jana'izar ba ta tara mutane ba. 'Yar ƙanwarsa ta iso, da wasu tsofaffi biyu daga gidan waya, da matan cocinmu da ba sa rasa jana'iza ko ta wa ce. Purvis bai samu mai kawo shi ba. Mai fiyano ta kaɗa abin da ta saba kaɗawa, fasto ya ce marigayi mutum ne mai son kiɗa, aka ce amin.

Da muka dawo daga maƙabarta aka ci abinci a ɗakin ƙasa na coci. Ina fitowa, a kan matattakalar waje, ƙafata ta zame a ƙanƙara. Wani dattijon coci da ke gefena ya cafke hannuna, ya sa ɗayan hannun a bayana, nauyina ya juya mu gaba ɗaya, muka yi kewaye guda kafin mu tsaya. Ƙafafuna da kansu suka ƙarasa takun, baya, gefe, baya. Sai kawai na ji wani abu yana fita daga bakina. Ya hau sama da gudu, ya tsaya a can kamar mai tsokana, ya gangaro da ɗan ɗingishi. Ban taɓa rera shi ba, ba na coci ba ne, ba na rediyo ba, kuma a ƙarshensa akwai wuri a buɗe daidai tsawon bu-bu-baaa.

"Lafiya, 'yar'uwa Ozella?" in ji dattijon.

Ban amsa masa ba, tsoro nake ji in buɗe baki da wata magana ta gudu. Na shiga mota ina rerawa, na tuƙa ina rerawa, hawaye yana hana ni ganin hanya. Ihu bayan hari! Ina kika shiga makon jiya, 'yar banza? Na faɗa kicin ko kwat ban cire ba, na buga gidan tsofaffi, na ce a ba ni Mista Odom, maganar gaggawa ce. Aka daɗe kafin a turo shi wurin wayar.

"Wa ke nan?"

"Ozella ce, maƙwabciyar Elbert. Kar ka ce komai, saurara kawai."

Na rera masa. Ban kai rabi ba na ji farcensa yana ƙwanƙwasa kan wayar, yana bi na, da lilon nan nasa. Muka kai ƙarshe tare.

"Ita ce?" na ce. "Mista Odom, don girman Allah, ita ce?"

Ta cikin wayar ina jin ƙarar kwanuka daga can nesa.

"Tsawonta ya yi daidai," ya ce. "Inda kika ja numfashi ma, nan Lucius yake ja."

"To ita ce ke nan!"

"Ban sani ba, 'yar'uwa. Waƙa ɗari za ta iya yin wannan tsawon. Wanda zai gaya miki shi kuka rufe ɗazu." Ya yi tari. "Ya samu kafin ya tafi?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. "Bai samu ba."

"To," ya ce. Ya sake cewa, "To." Sai na ji muryar ma'aikaciyar tana cewa lokacin allura ya yi, wani ma yana jiran wayar. Ya ce, "Ki riƙe ta dai, ko ita ce ko ba ita ba," aka katse.

Na mayar da kan wayar. Na tsaya a tsakiyar kicin da kwat ɗina da jakata a hannu, na koma farko na ci gaba da rerawa a hankali, ƙanƙarar da ke takalmina tana narkewa tana bin ledar daɓe zuwa ƙarƙashin murhu.